Shekara 11 cikin Buzaye, ba wanda ya bi addininsa: me ya sa aka kira Charles de Foucauld waliyyi?

Ranar 1 ga Disamba ta kowace shekara, daidai lokacin da hunturu ke fara busowa a Tawa, mabiya ɗariƙar Katolika na tunawa da wani Bafaranshe mai suna Charles de Foucauld, wanda bakinmu ya fi iya kira Sharl de Fuko. A irin wannan rana aka harbe shi a Tamanrasset, a kudancin Aljeriya, a 1916. Garin ba baƙo ba ne ga mutanen Adar, don da wuya ka shiga unguwa a Tawa ka rasa gidan da wani nasu ya taɓa bi ta Arlit da Assamaka ya je can bida. Amma lokacin da wannan mutum ya sauka wurin a 1905, Tamanrasset 'yar ruga ce mai gidaje kamar 20. Ya zauna cikin Buzayen Ahaggar, yankin duwatsun da garin ke ciki, shekara 11 yana firist, kuma har ya mutu ba Buzu ko ɗaya da ya karɓi baftisma a hannunsa. Ya rubuta dokokin ƙungiyar masu zaman zuhudu, ya yi ta kira a zo a zauna tare da shi, ba wanda ya zo ya dawwama. Duk da haka, ranar 15 ga Mayu 2022, Fafaroma Francis ya tsaya a Roma ya sa sunansa cikin waliyyai.

Wanda ya auna wannan rayuwa da mudun 'yan kasuwa zai ce an yi asara. To me ikilisiya ta gani? Wannan tambaya ta shafe mu kai tsaye, mu Kiristocin Nijar. Ƙidayar 2012 ta nuna ba mu kai ko mutum 1 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba. A Tawa, mai saida maka albasa Musulmi ne, mai gyara maka babur Musulmi ne, ungozomar da ta karɓi haihuwar matarka ma haka, wani lokaci har yayanka ciki ɗaya. Idan amfanin bangaskiya da addu'a shi ne a ga kujerun majami'a sun ƙaru, to yawancinmu za mu tsufa cikin baƙin ciki. Ni ina ganin rayuwar Sharl de Fuko tana nuna mana wani ma'auni daban, kuma ma'aunin ya fi na ƙidaya wuya.

An haife shi a Strasbourg ranar 15 ga Satumba 1858, a gidan sarauta da dukiya. Bai cika shekara 6 ba uwa da uba suka rasu cikin shekara ɗaya, kakansa na wajen uwa ya riƙe shi. Da ya zama saurayi ya watsar da addini gaba ɗaya. Ya shiga makarantar hafsoshin soja ta Saint-Cyr a 1876, gado ya faɗo masa, ya shiga ɓarnar kuɗi a ciye-ciye da shaye-shaye da mata har danginsa suka hana shi taɓa abin da ya rage. Daga baya ya ajiye kakin soja, ya shiga Maroko daga 1883 zuwa 1884, lokacin da ba a barin Turawa su ratsa ƙasar, ya ɓad da kama a matsayin malamin Yahudawa yana zana taswira a ɓoye. Aikin ya jawo masa suna da lambar zinariya a Faransa.

A wannan tafiya wani abu ya same shi wanda ba shi ya kai shi ba. Ya ga mutane suna tsayar da ayari a tsakiyar daji, su fuskanci gabas, su sa goshi a ƙasa, sau biyar a yini, ba mai tsaron su, ba mai biyan su. Daga baya ya rubuta wa wani abokinsa cewa Musulunci ya girgiza shi matuƙa, ganin mutanen da ke rayuwa kullum a gaban Allah ya sa ya hango wani abu da ya fi harkokin duniya girma da gaskiya. A lura da wannan da kyau. Mutumin da ikilisiya ke kira waliyyi a yau, sallar Musulmi ce ta fara tada shi daga barci. Ina faɗin haka ne don akwai Kiristan da idan ya ji kiran assalatu sai ya ja tsaki ya juya kwanciya, alhali wannan kiran na iya zame masa tuni cewa shi ma yana da Ubangijin da ke jiran gaisuwarsa da asuba.

Da ya koma Paris, ya riƙa shiga majami'u yana zama, yana maimaita wata gajeriyar addu'a: ya Allah, idan kana nan, ka sa in san ka. Addu'ar mai shakka ce, kuma ba ta da kunya. A ƙarshen Oktoba 1886 ya je wurin wani firist mai suna Huvelin don ya nemi a ba shi darussa kan addini. Firist ɗin bai shiga muhawara da shi ba, ya ce ya durƙusa ya furta zunubansa, daga nan ya tura shi ya karɓi Jibin Ubangiji. Sharl ya ce tun daga lokacin da ya gaskata akwai Allah, ya gane ba shi da wata hanya sai ya rayu dominsa shi kaɗai.

Shekarun da suka biyo baya ba sai an daɗe a kansu ba. Ya shiga gidan masu zuhudu a 1890, ya zauna a wani gidansu mai tsananin talauci a ƙasar Siriya ta lokacin, ya fita a 1897 ya tafi Nazarat ya zama bara a gidan sistoci, yana shara da aike, yana kwana a ɗakin ajiye kayan lambu. An naɗa shi firist ranar 9 ga Yuni 1901, ya nufi Sahara.

Nazarat ɗin nan shi ne mabuɗin komai. Idan aka ce mai bishara, abin da ke zuwa a zuciya shi ne Manzo Bulus yana ratsa garuruwa, ko Waliyyi Francis Xavier da ya kai bishara Indiya da Japan ya yi wa dubbai baftisma. Wannan hanya gaskiya ce, tana cikin Littafi Mai Tsarki. Amma Sharl ya tsaya kan wani abu da muke karantawa mu wuce: Yesu ya yi wa'azi kamar shekara 3, ya yi kusan shekara 30 a wani ƙaramin gari yana sassaƙa, yana cin abinci da maƙwabta, yana zuwa biki da jana'iza, ba wanda ya san ko shi wane ne. Idan Ɗan Allah ya ga wannan dogon zama bai zama ɓata lokaci ba, to zama cikin mutane da aminci ma aikin ceto ne. Ikilisiya ta daɗe da sanin cewa aikin bishara ba a ƙafa kaɗai yake ba. A 1927 ta naɗa Waliyyiya Tereza ta Lisieux, wadda ta rasu tana da shekara 24 ba ta taɓa fita daga gidan zuhudu ta je wata ƙasa wa'azi ba, a matsayin majiɓinciyar masu bishara daidai da Xavier, saboda addu'arta.

To wace irin addu'a ce Sharl ke yi? Yawancinta shiru ne. Yakan durƙusa sa'o'i a gaban gurasa mai tsarki, wadda mu Katolika muka gaskata jikin Almasihu ce, ba ya cewa komai mai yawa. Yakan karanta Linjila kaɗan-kaɗan, ya rubuta abin da ya ji a ransa. Daga cikin irin wannan rubutu, wanda ya yi a 1896 kan kalmar Yesu ta ƙarshe a kan gicciye a Luka 23:46, aka ciro addu'ar da ta fi shahara da sunansa. Farkonta na cewa: ya Uba, na ba da kaina gare ka, ka yi da ni abin da ka ga dama, duk abin da ka yi da ni na gode.

A gwada wannan da yawancin addu'o'inmu. Mukan zo da jerin buƙatu: aiki, haihuwa, takardar tafiya, kuɗin haya, a kunyata maƙiyi. Roƙo ba laifi ba ne, Yesu da kansa ya koya mana mu roƙi abincin yini, kuma wanda ɗansa ke kwance da zazzaɓin cizon sauro a watan Agusta ba za ka ce masa kada ya roƙi lafiya ba. Inda matsala take shi ne idan addu'a ta zama ciniki: na yi azumi, na ba da baiko, na kwana ina kuka, yanzu saura Allah ya biya. Mai irin wannan addu'a, ranar da abin bai zo ba, ko ya yi fushi da Allah, ko ya fara neman wanda ya yi masa asiri. Addu'ar Sharl ta fara ne daga inda ciniki ya ƙare. Ya gode tun kafin ya san abin da za a ba shi, domin wanda yake magana da shi Uba ne. Wannan ne ya sa ya iya zama shekara 11 ba tare da ganin amfanin gona ba, kuma zuciyarsa ba ta yi tsami a kan mutanen da suka ƙi bin sa ba. Wanda bai sallama wa Allah sakamako ba, sannu a hankali maƙwabtansa za su koma masa abin farauta, in sun ƙi kamuwa su zama abokan gaba.

Kada kuma a ɗauka sallamawa naɗe hannu ce. A Beni Abbes, wani gari a hamadar Aljeriya inda ya fara zama a 1901, ya tarar ana cinikin bayi a gaban idon hukumar Faransa, ita kuwa ta kau da kai don kada ta ɓata da manyan gari. Ya fanshi wasu da ɗan kuɗin da yake da shi, ya yi ta rubuta wa shugabanninsa wasiƙu masu zafi, yana aron maganar Annabi Ishaya cewa ba su da ikon zama karnukan da ba sa haushi. Mu a jihar Tawa bai kamata wannan ya zame mana tatsuniya ba. Sai a 2003 dokar Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka, kuma shari'ar da kotun ƙasashen yammacin Afirka ta yanke a 2008 kan wata mata da aka sayar tana yarinya, daga yankinmu ta fito. Mai addu'ar da ba ta buɗe masa ido ya ga irin wannan ba, ya sake duba wanda yake magana da shi. Sharl ya ce babu ayar da ta canja rayuwarsa kamar Matiyu 25:40, inda Yesu ya ce abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa shi aka yi wa.

A Tamanrasset ya gina wani siririn ɗaki na ƙasa da duwatsu, rabi wurin addu'a, rabi wurin kwana da aiki. Abin da ya fi cinye lokacinsa shi ne harshen mutanen. Ya zauna da tsofaffi da mata yana rubuta waƙoƙinsu da karin maganarsu, ya tara baitoci kusan 6,000, ya haɗa ƙamus na Tamashek da Faransanci mai shafi fiye da 2,000, wanda aka buga cikin juzu'i 4 shekaru bayan mutuwarsa, kuma har yau masana harshen na komawa gare shi. Ya nace kada a sa sunansa a kan aikin. Yawancin waƙoƙin na soyayya ne da yaƙi da raƙuma, ba ruwansu da addininsa. Amma ya gane ba ka iya ƙaunar mutum alhali kana raina abin da ke sa shi dariya da kuka. Yana ba da magani da allura da zare, yana koya wa mata saƙa. Mutane suka riƙa ce masa marabu, wato malami, mutumin Allah.

Sai aka shiga 1907. Ruwa ya ɗauke fiye da shekara, awaki suka ƙafe, yunwa ta shiga rugage. Sharl ya rarraba hatsin da ya ajiye har ya ƙare. A lokacin kuma dokar ikilisiya ba ta yarda firist ya yi Misa, wato babbar ibadar Katolika, shi kaɗai ba tare da mai taya shi ba, shi kuwa ba Kirista ko ɗaya kusa da shi, don haka Kirsimetin shekarar ya wuce ba Misa. Ba wasiƙa daga gida, ba almajiri, ba wanda ya karɓi saƙonsa. Yana gab da cika shekara 50, kuma duk abin da ya sa a gaba ya rushe. A watan Janairu 1908 jiki ya ƙi, ya kwanta, numfashi na yi masa wuya, ya ɗauka ajali ne.

Buzayen ne suka tashe shi. Suka bi rugage har nisan kilomita 4 ta kowane gefe suna neman akuyar da ta rage da ɗan nono, suna tatsowa suna kawo masa. Duk wanda ya ga farin 1984 a Adar, ko ya ji labarinsa a bakin iyayensa, ya san abin da wannan ke nufi. A shekarar fari, ɗan nonon da ke gindin ƙwarya na jariri ne da tsohuwa. Uwa na tatsa tana kallon hantsar akuya kamar za ta roƙe ta, abin da ya fito bai cika ludayi biyu ba. Wannan suka haɗa, kaɗan daga nan kaɗan daga can, suka kai wa wani Bature, Kirista, ɗan ƙabilar waɗanda suka ci su da yaƙi shekara 6 kafin nan. Ya sha, ya warke.

A ganina nan ne rayuwarsa ta juya karo na biyu, kuma wannan juyin bai gaza na Paris ba. Kafin ciwon, shi ne mai bayarwa: shi ke da magani, shi ke da hatsi, shi ke da gaskiyar da ya zo da ita. Mai bayarwa kullum, ko yana da tawali'u, yana tsaye ne a sama. Ranar da ya buɗe baki aka zuba masa nonon talakawa, ranar ya zama maƙwabci. Yesu ma a bakin rijiya bai fara da wa'azi ba, ya ce wa matar Samariya ta sam masa ruwa ya sha. A 1909 Sharl ya rubuta cewa aikinsa shi ne aikin kirki, har wanda ya gan shi ya ce, tun da wannan mutum yana da kirki haka, addininsa ma mai kyau ne, in kuma aka tambaye shi dalili, ya ce shi bara ne na wani wanda ya fi shi kirki nesa ba kusa ba.

Akwai wani ɓangare da masu yabonsa kan so su tsallake, mu kuwa 'yan Nijar ba mu da ikon tsallake shi. Sharl de Fuko ɗan zamanin mulkin mallaka ne, kuma bai tsaya a gefe ba. Ya shiga Ahaggar ne tare da ayarin sojan Faransa, bayan yaƙin Tit na 1902 inda bindigogin Faransa suka karya Buzayen yankin. Babban hafsan da ke riƙe da Sahara, Laperrine, amininsa ne. Yana rubuta wa hafsoshi labarin abin da ke gudana a yankin, yana ba su shawara. Ya soki zaluncin wasu jami'ai, amma bai taɓa tunanin Faransa ba ta da hurumin zama a ƙasar mutane ba. Yana ganin mulkinta hanyar ci gaba ce. A ƙarshen rayuwarsa ya gina ganuwa don mutanen ƙauyen su fake idan an kawo hari, kuma akwai bindigogin soja a ciki.

A wannan ganuwa ajalinsa ya same shi. Da yammacin 1 ga Disamba 1916, wasu mahara masu alaƙa da 'yan Sanusiyya, wata ɗariƙar Musulmi da ke yaƙar Turawa a Sahara, suka zo da wani da ya sani, ya kira shi ya ce wasiƙa ta iso. Da ya buɗe ƙofa suka fizgo shi, suka ɗaure masa hannu ta baya, suka bar wani yaro ɗan shekara 15 yana tsaron sa. Da aka hango wasu sojoji biyu a kan raƙuma, yaron ya firgita ya harbe shi a ka. A cikin wannan watan ne Kawsan, jagoran Buzaye, ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadas, har zuwa Maris 1917, kuma mun san irin kisan ramuwar da aka yi wa mutanen garin da malamansu bayan an fasa ƙawanyar. Wato wutar da ta ci Sharl, wuta ce ta mutanen da ke neman korar mai mulkinsu, wanda mu a nan muke tunawa da jagoransu a matsayin gwarzo. Shi ya sa ikilisiya ba ta kira shi shahidi ba. Kiran mutum waliyyi ba ya nufin duk ra'ayinsa na siyasa daidai ne. Yana nufin alherin Allah ya yi aiki a cikin mutum mai iyaka, ɗan zamaninsa, har ƙauna ta fi ƙarfin sauran abin da ke cikinsa. Shaida a kan haka ba daga Turawa ta fito ba. Musa ag Amastan, sarkin Buzayen Ahaggar, Musulmi, ya rubuta wa ƙanwar Sharl ta'aziyya, ya ce marabu bai mutu muku ku kaɗai ba, ya mutu mana mu duka, Allah ya ji ƙansa, ya haɗa mu da shi a aljanna.

Lokacin da ya mutu, ƙungiyar masu addu'a da ya kafa tana da sunaye 49, har da nasa. Sai a 1933 wasu samari firistoci suka tafi hamadar Aljeriya suka fara zama irin nasa, suka zama Ƙananan 'Yan'uwan Yesu. A 1939 wata mata mai suna Magdeleine Hutin ta kafa ta mata a Touggourt. Yau iyalan da ke bin tafarkinsa suna ƙasashe da dama, suna zama a gidajen haya cikin unguwannin talakawa, suna aikin hannu kamar kowa. A 1965 babban taron bishop-bishop na Vatican ya rubuta a fili cewa ikilisiya na duban Musulmi da girmamawa, masu bauta wa Allah ɗaya, masu riƙe da salla da zakka da azumi. A 2020 Fafaroma Francis ya rufe wasiƙarsa kan 'yan'uwantaka da ambaton Sharl, mutumin da ya so ya zama ɗan'uwan kowa.

Na san abin da wani ɗan'uwa zai ce, musamman daga cikin 'yan'uwanmu na majami'un bishara, kuma maganarsa tana da nauyi: Yesu ya ce a je a almajirtar da dukan al'ummai, to wannan shiru ba tsoro ba ne aka sa wa rigar tawali'u? Amsa ita ce Sharl bai ɓoye komai ba. A gaban rigarsa akwai zanen zuciya da gicciye da jan zare, kowa ya san wanda yake bi, ya kuma fassara Linjila zuwa harshen mutanen. Abin da ya ƙi shi ne ya mai da abota tarko, ko ya sa magani da hatsi su zama kuɗin sayen imani. Manzo Bitrus ya ce mu zauna a shirye mu ba da amsa ga duk wanda ya tambaye mu dalilin begenmu, amma da tawali'u da ladabi. Kafin a ba da amsa sai an yi tambaya, kuma ba mai tambayar ka dalilin begenka sai ya ga wani abu a zamanka da ya ba shi mamaki. Su kansu 'yan'uwan da ke wannan tambaya suna da misali a hannunsu. Asibitin Galmi, wanda mishan ta buɗe a 1950 tsakanin Konni da Madawa, yawancin waɗanda suka kwanta a gadajensa Musulmi ne, sun koma gida Musulmi, kuma ba wanda zai ce aikin shekarun nan ya tafi a banza.

An gwada mu a kan wannan. Ranar 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, washegari a Yamai, aka ƙona majami'u da dama, mutane 10 suka rasa rayukansu, saboda wani zanen ɓatanci da aka yi a Faransa wanda ba Kiristan Nijar ko ɗaya da ya sa hannu a ciki. A cikin wannan tashin hankali an samu Musulmin da suka buɗe ƙofa suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci. Irin wannan ƙofa ba ranar tashin hankali ake gina ta ba, shekaru ne na gaisuwa da aron gishiri da zaman makoki. Sannan a Satumba 2018 aka sace wani firist ɗan Italiya, Pierluigi Maccalli, a ƙauyen Bomoanga kusa da iyakar Burkina Faso, aka riƙe shi cikin hamada har Oktoba 2020. Ba Misa, ba littafi, wani lokaci da sarƙa a ƙafa. Ya ƙulla carbi da hannunsa daga ƙyalle, da shi ya riƙa addu'a, kuma da ya fito ya ce ya yafe. Addu'ar sallamawa ba kwalliyar littafi ba ce, a ƙasarmu an yi ta da sarƙa a ƙafa.

A nan Tawa, wadda ke ƙarƙashin dayosis na Maradi, wato yankin da bishop ɗaya ke kula da shi, tun da aka kafa shi a 2001, akwai wata dattijuwa da nakan gani a majami'a da rana tsaka, lokacin da ba kowa. Takan cire takalmi a bakin ƙofa, ta zauna a ƙasa kusa da gaba, ta shimfiɗa gyalenta, carbi a hannu, wani lokaci ba ta ko ja. 'Ya'yanta biyu Musulmi ne, jikokinta na zuwa makarantar allo. Wata rana na ce mata, "Inna, me kike faɗa masa duk wannan lokaci?" Ta ce, "Ɗana, ai ya san sunayensu. Ina kawo su ne in zauna." Da azumi ita ke dama wa jikokin kunun buɗa baki, ranar Kirsimeti su ke ɗaukar mata kwanukan shinkafa zuwa gidajen maƙwabta. Ba ta taɓa jin sunan Sharl de Fuko ba sai da aka karanta shi a Misa.

Akwai kuma inda muka fi shi sauƙin hanya. Shi baƙo ne, da tuta a bayansa, sai da ya kwashe shekaru yana koyon harshe. Mu 'yan ƙasa ne, da Hausa aka yi mana suna, ba soja a bayanmu, kuma tun 2015 ɗan ƙasa, Laurent Lompo, ke riƙe da babban dayosis na Yamai. Abin da ya rage mana shi ne ɓangaren da ya fi yi wa Sharl wuya, wato karɓa. Kowace babbar salla sai an tada maganar ko ya halatta Kirista ya ci naman layya, har wasu su mai da kwano. Ni ra'ayina a karɓa da hannu biyu, a ce Allah ya maimaita mana, a ci. Maƙwabcin da ya aiko ɗansa da cinyar rago ba gwada imaninka yake yi ba, yana gaya maka ne cewa ya lissafa ka cikin nasa. Haka in an yi rasuwa a gidansa, wurinka na kan tabarma tare da sauran maza har a share makoki, kana naka roƙon a zuci yayin da suke nasu. Samarinmu kuma su daina ware fadarsu ta shayi gefe guda kamar waɗanda aka kora. Ga masu kula da majami'u, roƙona ƙarami ne: a bar ƙofa a buɗe ko da awa ɗaya tsakanin azahar da la'asar, ba wa'azi, ba lasifika, don mai son ya zauna shiru gaban Ubangiji kafin ya koma kasuwa ya samu wuri.